Tashar Baƙin Doki

Shekarata bakwai ina hawa jirgin ƙarƙashin ƙasa na Landan, safe da yamma, Litinin zuwa Juma'a, kuma wallahi da a lokacin za a tsare ni ace me aka zana a bangon tashar unguwarmu sai dai in yi ta zare ido. Sunan tashar na sani, Blackhorse Road, na san daidai inda zan tsaya ƙofar jirgi ta buɗe a gabana, na san taragon da zan shiga in sauka kusa da eskaleta a wajen aiki, na san in wannan ya wuce ni kafin in gyara zaman jakata wani ya iso, amma bango kam ko ɗaga kai ban taɓa yi ba, kaina na kan waya kamar kowa.

Sai da Umma tazo min wankan jego daga Kano.

Umma bata yi boko ba. Allo tayi, ta sauke, tana karanta Larabcin Alƙur'ani da ajami ba gargada, lissafin kuɗi kuwa ko ɗan kasuwar Kwari bai isa ya cuce ta ba, amma haruffan boko in ta kalle su tace kamar tururuwa ce ta faɗa tawada. Sana'arta tun tana budurwa ɗinkin hula, da kuɗin hula ta yi min kayan ɗaki. Ni ce 'yar fari saboda haka har yau bata taɓa kiran sunana ba, "ke" ce ko "'yar nan", in ranta ya ɓaci "ke wannan". Da muka yi arba'in ta gaji da zaman gida, tace ita fa ba zata zo har Ingila ta koma bata ga komai ba sai silin da tukunyar ruwan zafi, kuma kayan miyan da nake siyowa a kantin unguwa ba kayan miya bane hoto ne. Shi ne na fara ɗaukarta muna zuwa kasuwar Brixton, doya, busasshen kifi, attaruhu, kuɓewa, manja, duk akwai. Daga mu zuwa Brixton layi ɗaya ne ba canji, layin Victoria, mai launin shuɗi mai haske a taswira, kusan daga wannan ƙarshen zuwa wancan, tafiyar wajen rabin awa.

Zuwanmu na biyu ne ko na uku muna dawowa, ina ta kallon rubutun da ke gudu a saman ƙofa, sai naji tace "tashi mu shirya, mun wuce mai kwale-kwale, doki ne a gaba." Nace wane doki kuma Umma? Ta dube ni irin kallon nan na wai ke aka kai makaranta. Jirgi na tsayawa ta nuna min da haɓa, ga shi nan kuwa, a cikin ɗan lungun da aka yi wa bencin zama, bayan inda mutum ke jingina, an jera tayil an fitar da baƙin doki. Ba ɗaya ba, kowane benci a tashar da nasa. Shekara bakwai ina jingina bayana da dokin nan.

Ashe tun ranar farko ta haddace hanyar kaf da zane, ta raɗa wa kowace tasha suna. Daga gida in za mu kudu: baƙin doki, mai kwale-kwale, bishiyoyi, bindigogi, gidan kan tudu, hulunan sarki, ƙofar gari, rikici, haka har kan mata, ɗige-ɗige, dinya, sai bulo a sauka. Tana jero su kamar mai biya hadda. Ranar da dare bayan na kwantar da jaririya na ɗau waya na shiga bincike don abin ya tsaya min a rai, kuma kunya ta kama ni ba kaɗan ba.

Layin Victoria tasha 16 ne. An buɗe kashin farko a watan Satumba 1968 daga Walthamstow zuwa Highbury, Sarauniya Elizabeth tazo ta buɗe shi a hukumance a Maris 1969 da ya kai tashar Victoria, ya isa Brixton a 1971, sai Pimlico da aka cusa a tsakiya a 1972. Kamfanin masu zayyana da suka tsara kamannin tashoshin, ƙarƙashin wani Misha Black, sun lulluɓe ko'ina da tayil ruwan toka, duk tashoshin suka fito kamar 'yan uwa ɗaya uba ɗaya, har masu tsiya a lokacin suka ce salon banɗaki ne, kuma gaskiya in kin gani ba zaki ce sun yi sharri ba. To don a bambanta wannan da waccan sai aka ba wasu fitattun masu zane aiki, kowace tasha a yi mata tambarinta a bayan benci, wani ya ɗauko daga tarihin unguwar wani kuma daga sunan.

Dokinmu wani Hans Unger ne ya zana, Bajamushe ne da ya baro ƙasarsa zamanin Hitila. Shi ya yi na Seven Sisters ma, bishiyoyi bakwai, don sunan unguwar daga wasu bishiyoyi bakwai ya samo asali da aka shuka a zagaye a can Tottenham shekaru aru-aru da suka wuce, "'yan uwa mata bakwai" ake ce musu. Mai kwale-kwalen Umma kuwa Tottenham Hale ce, aikin Edward Bawden, tuni ne da ɗan fito da ke ƙetarar da mutane kogin Lea a da. Shi dai Bawden ɗin ya yi gidan kan tudu na Highbury, da kan Sarauniya Victoria ta gefe a tashar Victoria, wanda Umma ke ce wa kan mata, kuma duk sanda muka zo wajen sai ta ɗan kau da kai tace su dai mutanen nan basa gajiya da surar mutum. Doki bai dame ta ba, ban tambaye ta dalili ba kar in jawo wa kaina wa'azi.

Bindigogi Finsbury Park ce, ƙananan bindigogi biyu a gicciye na Tom Eckersley, don a zamanin da wajen bayan gari ne, in manyan mutane biyu suka yi rigima ta mutunci nan suke fitowa da sassafe kowa da bindigarsa a raba raini. Da na faɗa wa Umma tace to ai mu sharo ake yi ko dambe kowa ya koma gida da ransa. Eckersley ɗin ne kuma ya yi hulunan sarki na King's Cross, kambi biyar an jera su sun ba da siffar gicciye, wato sunan tashar ne kawai aka mayar hoto, sarki da gicciye.

Wadda ta fi taɓa ni cikinsu ita ce ta Euston, wadda Umma ta sa wa ƙofar gari ba tare da kowa ya faɗa mata komai ba, kuma ta canka. A gaban tsohuwar tashar Euston akwai wata ƙatuwar ƙofa ta dutse mai ginshiƙai irin na Girkawa da aka gina a 1837, ita ce mashigar jirgin da ya fara haɗa Landan da Birmingham. A ƙarshen 1961 aka fara rushe ta don a yi sabuwar tasha, mutane suka yi ta kururuwa har gaban firaminista amma aka yi kunnen ƙashi, wani ɓangare na duwatsun ma a wani rafi a gabashin Landan aka juye su. Shekaru kaɗan bayan haka sai ga hotonta a tayil a ƙarƙashin inda take a da. Da na ba Umma labarin shiru tayi, can tace "kamar Ƙofar Na'isa kenan." A 2010 aka rushe ta don faɗaɗa titi aka yi wata ta siminti, kuma ta wajen muke bi zuwa gidan kakata, Umma har yau in mun wuce sai tace wannan ba ita bace. Tace su ko hoton sun ajiye.

Akwai waɗanda wasa da kalma ne zalla, sai mai jin Turanci zai gane. Bulo na Brixton tarin bulo ne aka zana kamar dala, don in ka raba sunan gida biyu yana fita kamar ana cewa bulo tan guda. Rikici kuwa Warren Street ce, hanyoyi ne masu murɗe-murɗe da mutum zai bi da ido ya nemi mafita, saboda kalmar a Turanci na nufin ramukan zomaye masu shiga juna, alhali sunan titin daga sunan dangin wani hafsan sojan ruwa ne, ba ruwansa da zomo. Na yi ta ƙoƙarin fassara wa Umma abin dariyar, ta saurare ni tsaf har na gama tace to, shi ne me? Na ga dai ba riba na haƙura. Ita ba ma'anar take nema ba, alama take nema, kamar yadda a cikin gari ake kwatance da gidan mai zanen keke ko lungun da ke da durumi, kuma alamar ta yi mata aiki sarai.

Ta Stockwell ce ta kunyata ni ƙarshe. Ni layuka nake gani masu karye-karye kamar wutar walƙiya, shuɗi-shuɗi, nace Umma ina dinya a nan? Tace ja da baya. Na ja. Tace ƙara. Sai ga wuya ga baki ga fuffuke sun fito, wani farin tsuntsun ruwa ne mai dogon wuya dangin dinya, Abram Games ya zana shi don wata mashaya da ke tsallaken tashar mai sunan tsuntsun. Ita daga cikin jirgi yana tafiya ta gano shi. Mutumin da ya shekara arba'in yana ƙirga zare a kan hula, yana kallon rabin zane ya san inda sauran zai faɗa, ai ba zaki haɗa idonki da nasa ba.

Toh ranar da abin ya zama ba wasa ba wata Asabar ce, mun je Oxford Street siyan tsaraba, muka shigo tashar Oxford Circus da yamma lokacin da mutane suka yi ɗinki. Jaririya na ɗaure a ƙirjina cikin abin goyon nan na Turawa da Umma ta tsana, hannuna biyu da ledoji. Jirgi ya tsaya, Umma ta kutsa ta shige don ita a hawa mota bata da wasa, 'yar hayis da a-daidaita ce, ni kuma wata leda ta tsinke takalma suka zube, kafin in sunkuya in ɗago naji ƙarar nan ta ƙofa, ɗit ɗit ɗit, ta rufe. Ina ganinta ta gilashi tana ganina, jirgi ya ja.

Jama'a ban taɓa jin tashin hankali irin na ranar ba. Ba waya a hannunta, ko da akwai ma a lokacin ba sabis a can ƙasa, Turancinta bai wuce gaisuwa da godiya ba, adireshin gida na rubuta mata a takarda amma takardar na cikin jakarta jakar kuma na kafaɗata. Mun taɓa yin magana cewa in haka ta faru ta sauka a tasha ta gaba ta jira ni. Na hau na bayansa, na sauka a Warren Street, na bi dandamalin daga farko har ƙarshe ina leƙa fuskar duk mai mayafi, babu. Na koma jirgi na sauka a Euston, babu. King's Cross kuwa da na ga yawan ƙofofi da layukan da suka haɗu a wajen sai ƙafata ta fara rawa, nace shikenan in nan ta sauka ta bi taron nan sai dai 'yan sanda. Na samu wani ma'aikaci ina magana ina kuka jaririya ma ta ɗauka, bawan Allah ya yi ta kiran tashoshi a rediyonsa, ya tambaye ni me ta saka, ya tambaye ni ta san inda za ta? Har na buɗe baki zance a'a sai na tsaya.

Na hau jirgi ban ƙara sauka ko'ina ba. Gidan kan tudu, bindigogi, bishiyoyi, mai kwale-kwale, ranar ni ma da zanen na ƙirga, bakina na ta addu'a. Ƙofa na buɗewa a Blackhorse Road na hango ta zaune a benci, doki a bayanta, carbi a hannu, ta cire takalmi ɗaya tana murza ƙafa. Ko tashi bata yi ba. Tace "ke wannan ina kika tsaya, tun ɗazu jirgi goma sha ɗaya suka wuce." Nace Umma ba cewa muka yi ki sauka a ta gaba ba? Tace a rikici? In sauka a wajen da su da kansu suka zana cewa ɓata ake yi? Ga dariya ga hawaye, na zauna kusa da ita na kasa cewa komai. Ƙorafinta ɗaya, wai a bishiyoyi wasu ƙarti sun zauna sun tare zanen sai da ta leƙa benci na gaba, ya kamata a hana mutane zama a wajen.

Daga ranar muka mayar da abin yawon Lahadi, tunda ina hutun haihuwa. Maigidan yace mutane na zuwa Landan su ga fadar Buckingham ku kun zo kallon bango a rami. Ya faɗa ne bayan Umma ta shiga ɗaki, a gabanta ko tari baya iya yi.

A yawon ne na gane abin ya girmi layin Victoria nesa ba kusa ba. Jirgin ƙarƙashin ƙasan Landan shi ne na farko a duniya, 10 ga Janairu 1863 ya fara aiki tsakanin Paddington da Farringdon. A 1906 da 1907 da aka buɗe layukan Bakerloo da Piccadilly da wanda yanzu ya zama reshen layin Northern, wani saurayin mai zanen gine-gine Leslie Green shi ya tsara tashoshinsu, wajen hamsin, su ne waɗannan masu jan tayil kamar jinin sa a waje da zaki gani a Covent Garden ko Russell Square. A can ƙasa kuma kowace tasha ya ba ta launinta da tsarin jerin tayil ɗinta daban, wata kore wata ruwan ƙasa wata shuɗi, da zobba da suka zagaye rufin ramin. Ana yawan cewa don waɗanda basu iya karatu ba aka yi, su gane tasharsu da launi. Wasu na musun haka suna cewa ado ne kawai, ni dai na zauna da wadda abin ya yi wa amfani shekara ɗari da wani abu bayan nan, saboda haka kun san ɓangaren da nake. Shi Green ɗin bai ci moriyar aikinsa ba, ya rasu a 1908 yana da shekara 33.

Daɗin tayil shi ne baya mantuwa. An toya sunan tasha a cikinsa, in an canja suna daga baya sai dai a rufe ko a bari. A Warren Street ta layin Northern har yanzu akwai inda aka rubuta Euston Road, a Hampstead akwai Heath Street, sunan da aka yi niyyar sa mata aka fasa kafin a buɗe, a Marylebone akwai Great Central. Ƙanina ɗan Arsenal ne na gani-kashe-ni tun zamanin Kanu, ya dame mu a WhatsApp sai mun je tashar Arsenal mun ɗauko masa hoto, muka je, bangon da manyan haruffa Gillespie Road ya ce, don sai a 1932 aka mayar da ita sunan kulob ɗin. Na tura masa yace mun je tashar da ba ita ba, har yau bai yarda ba.

Baker Street mun je saboda ni, tun ina sakandare nake jin Sherlock Holmes, ɗan binciken nan na cikin labari da aka ce gidansa na lamba 221B a titin. A bangon an yi kansa ta gefe da hularsa da lofe a baki, babba, in kin matsa kusa sai kiga ashe ƙananan kawunansa ne birjik aka tara suka ba da babban. Umma ta yaba dabarar, tace wannan ya san aikin cike, amma da na ce mata mutumin ma ba a taɓa yinsa ba ƙirƙira ce, tace to Gizo kenan, Gizo aka yi wa tasha. Bata ƙara bi ta kansa ba.

Tottenham Court Road nan muka raba gari. Eduardo Paolozzi, ɗan Sikotlan mai asalin Italiya, shi ya lulluɓe bangon da ƙananan gutsattsarin gilashi masu launi, an gama a 1986, faɗin aikin ya kusa murabba'in mita dubu. Ja, rawaya, kore, shuɗi, ga kakakin Turawa ga kyamara ga haƙoran inji ga malam-buɗe-littafi ga kaza ga mutum na gudu, don unguwar a lokacin cike take da shagunan kayan lantarki da na kiɗa. Da aka zo faɗaɗa tashar saboda layin Elizabeth an yi ta rigima a kan kar a lalata shi, aka ceci kusan duka, wasu bakuna da ke saman eskaleta ne aka cire aka kai jami'ar Edinburgh. Ni ina son wajen sosai, in na fito daga jirgi ji nake kamar an kunna rediyo. Umma tace hayaniya ce, kamar an ba yaro ragowar zare kala ashirin ance ya yi hula, ba uwa ba 'ya, ido bai san inda zai sauka ba. Na so in yi musu sai na tuna wa ta gano dinya. Amma har yanzu ina nan a kan bakana, ina ganin shi hayaniyar ya nufa, ki hau sama ki tsaya a mahaɗar titin nan minti biyar ki gani in ba haka wajen yake ba. Ta Walthamstow ce tata, mai ganye da furanni a saƙe irin na William Morris, wani mai zanen adon yadi da bango, wanda a unguwar aka haife shi a 1834, tace wannan da atamfa ce da ta yi anko.

Inda bamu yi musu ba Charing Cross, a dandamalin layin Northern. Baƙi da fari ne kawai, tsawon mita 100, David Gentleman ya yi shi aka ƙaddamar a 1979. A kan ƙananan katakai ya sassaƙa hotunan sannan aka ƙara musu girma har mutanen ciki suka kusa kai tsawon masu jiran jirgi. Labarin kuwa, a 1290 matar Sarki Edward na ɗaya, Eleanor, ta rasu a kusa da Lincoln, aka ɗauko gawarta zuwa Landan, duk inda aka kwana da ita a hanya sarkin ya sa aka gina hasumiyar tunawa, guda 12, ta ƙarshe a nan Charing. Ta asalin an rushe ta a 1647, wadda ke gaban tashar yanzu a 1865 aka yi ta. To da aka ce wa mai zanen ya ba da wannan labari, sai ya cika bangon da leburori. Daga wannan ƙarshen zuwa wancan aikin ginin ne daki-daki, masu fasa dutse, masu ɗauko shi, masu sassaƙa, masu kwaɓa, masu miƙawa sama, masu ɗorawa.

Mahaifin Umma magini ne, na ƙasa, irin masu tubali da azara da makuba, ni ban riske shi ba. Ta fara daga farkon bangon tana tafiya a hankali, mutane na ture ta bata ma sani ba, jirgi ya zo ya tafi ya zo ya tafi. Tana nuna min, wannan yaron gini ne, wannan shi ne babba duba yadda ya tsaya, wannan kwaɓinsa ya yi ruwa. Wajen wani mai durƙuso da guduma ta tsaya ta daɗe, sannan tace haka Baba yake riƙe bayansa in ya miƙe da la'asar. A rayuwata sau biyu na taɓa jin ta ambace shi, wannan ne na biyun. Tace gidajen da ya gina a cikin gari da dagi da zanen da ya yi musu a fuska duk an shafe da siminti ko an rushe an yi shaguna, kuma ko lokacin da suke tsaye sunan mai gida ake kira. Bata yi kuka ba, Umma bata kuka a gaban mutane, gyara mayafi tayi tace mu tafi yarinya za ta ji yunwa.

Wata biyar tayi ta koma. Ana gobe za ta tafi tace in kai ta rikici. Na zaci wasa take, ashe da gaske, muka je Warren Street ta sa na ɗauki hoton zanen a wayata kusa da nesa, ta sa na buga mata a takarda, ta ninke ta saka cikin jakar carbinta. Na koma aiki, na koma tsayawa a daidai ƙofata, sai dai yanzu in benci ba kowa nakan zauna gefe in bar dokin a fili, kuma in ta kira a waya bata cewa ya Landan, cewa take ya baƙin doki.

Bayan wata huɗu wata 'yar unguwarmu da ta dawo daga gida ta kawo min ƙunshi. Kuka, daddawa, yaji, kilishi, sai hula ɗaya a cikin leda an ce ta maigidan ce, ba a faɗi daga wa ba don kunya, kamar akwai wani mai ɗinka masa hula a duniya. Ruwan toka da baƙi da ɗan ja, zanen Warren Street ne ya zagaye ta tsaf. Na zauna da tsinke ina bin hanyar kamar yadda nake yi da ido in ina jiran jirgi, na bi na bi na kasa fita, na sake daga wani gefen nan ma a toshe. Na kira ta nace Umma kin yi kuskure a hular nan, ba mafita. Tace ba kuskure bane ita ta rufe, da ta bar ƙofar yadda suka yi zaren zai zare daga nan, kuma wai me ya kai ni bin hular miji da tsinke, ba ni da aikin yi ne, ina yarinyar, sa mata wayar a kunne.